Ejen ɗin da ya haɗa mana tafiyar Faransa muka faɗa tsakiyar yajin aiki, tauraro 3 na ba su

Salam 'yan uwa. Tun da muka dawo ake ta kirana ana tambaya wai wane ofis ne ya haɗa mana tafiyar nan ta Faransa, kuma ya muka ƙare da yajin aikin da aka yi ta nunawa a talabijin, to ni dai na gaji da maimaita labari ɗaya a waya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan ofishin ba zan kama ba, a nan Kaduna yake, mai shi dattijo ne kuma akwai mutunci tsakaninsa da maigida, amma abin da ya faru zan faɗe shi yadda yake, da mai daɗin da mara daɗin. In tauraro 5 ake bayarwa to 3 zan ba su, kuma cikin ukun nan biyu na wata yarinya ce da ke aiki a ofishin, ɗayan kuma na biza.

Mu huɗu ne, ni da maigida da yara biyu, babban shekararsa 11, autar kuma 7. Ƙanin maigida yana karatu a Liyon, shekara biyu kenan bai zo gida ba, sai muka ce tunda yara sun samu hutun Disamba bari mu je mu gan shi mu kuma buɗe ido. Yadda aka tsara mana: mu sauka Faris ranar Lahadi 15 ga Disamba 2019, mu yi kwana huɗu, ranar Alhamis 19 mu hau TGV, jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya da ke kai mutum Liyon cikin awa biyu, mu kwana uku a can, mu dawo ranar Lahadi, Litinin a kai yara Disneyland, Talata 24 mu kamo hanyar gida. A takarda kam abin gwanin sha'awa, har da kala aka buga mana shi aka sa a fayil.

Bari in fara da inda suka burge ni don kar a ce ban yi adalci ba. Harkar biza sun iya, wannan ba ƙarya. Sun jera mana takardu tsaf, bayanan banki, wasiƙar wurin aiki, ta makarantar yara, inshorar lafiya ta yuro 30,000 da ake buƙata, komai da komai, muka je Abuja sau ɗaya aka ɗauki yatsunmu, ba a ce mana ku koma ku kawo kaza ba. Kuɗin bizar a lokacin yuro 60 ne babba, yara 35, kuma daga 2 ga Fabrairun 2020 na manya ya koma 80. Ba su ƙara mana ko sisi a kan wannan ba, la'adarsu daban suka faɗa tun farko kuma suka ba da rasit.

To inda gizo ke saƙar shi ne yajin aikin nan ba daga sama ya faɗo ba. Daga baya ƙanin maigida ya ba ni labari, tun 13 ga Satumba ma'aikatan RATP, wato hukumar da ke tafiyar da metiro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da bas na birnin Faris, suka yi na kwana ɗaya na gwaji garin ya tsaya cak, daga nan ƙungiyoyinsu suka shelanta cewa daga 5 ga Disamba za su tafi wanda ba ranar dawowa, ma'aikatan SNCF masu jiragen ƙasa na ƙasar su ma suka ce da su. Mu kuma sai tsakiyar Nuwamba muka biya kuɗin tafiya. Kenan ranar da Alhaji mai ofishin ya karɓi kuɗinmu kowa a Faransa ya san me ke tafe, sai mu da shi. Ni malamar makaranta ce ba aikina ba ne bin labarin ƙungiyoyin ƙwadagon Turai, amma mutumin da sana'arsa kenan tura mutane can, ai dai ya ce Hajiya ga abin da ake cewa, ku zaɓa.

Ranar 5 ga watan ina kicin na ji a rediyo wai kusan jirage 9 cikin 10 na TGV an soke, yawancin layukan metiro a rufe, har hasumiyar Eiffel ba a buɗe ba ranar. Na ajiye ludayi na kira shi. Na ce Alhaji ka ji abin da ke faruwa kuwa? Ya ce "Hajiya kwantar da hankalinki, Turawa ne fa, ba irin namu ba ne, kwana biyu za su yi su koma, kafin ku tashi an manta." Na ce to ko za a ɗan gyara otal ɗin, ya ce a bari a gani. Aka bari aka gani kuwa.

Ga wanda bai san musabbabin ba, rigimar fansho ce. Gwamnatin Macron da firaministansa Édouard Philippe suka ce tsarin fansho iri-iri har 42 da ake da su a ƙasar za a narke su a koma guda ɗaya, su kuma ma'aikatan jirgi da na metiro nasu tsarin na musamman ne, a lokacin direba na iya ajiye aiki yana shekara hamsin da 'yan kai alhali sauran jama'a sai 62. Ranar 11 ga Disamba, saura kwana huɗu mu tashi, firaministan ya fito ya ce mai son cikakken fansho sai ya kai 64, to nan ne har ƙungiyar ƙwadago ta CFDT da ake ganin mai sassauci ce ta fusata. Ni dai da na tuna yadda tsofaffinmu ke shan rana a layin tantancewa sai na kasa zaginsu duk da wahalar da suka ba ni, mutane ne da suka san ciwon kansu. Kuma yajin nasu da tsari yake, akwai doka tun 2007 da ta ce duk ma'aikacin sufurin da zai shiga sai ya sanar awa 48 kafin nan, shi ya sa kullum wajen ƙarfe 5 na yamma ake fitar da jerin abin da zai yi aiki gobe. Wannan ƙarfe biyar ɗin ita ta zama mana kamar lokacin shan ruwa da azumi, kowa ido a kan waya.

Mun sauka filin jirgin Charles de Gaulle da safe, sanyi kamar a firiza ga yayyafi. Direban da muka biya kuɗinsa tun Kaduna wai zai tarye mu da allo mai sunanmu, babu shi babu dalilinsa. Muka kira lambar ba a ɗauka, muka kira Alhaji ya ce yana wurin ɗaurin aure zai kira, har yau bai kira ba. Muka bi layin tasi kamar kowa. A nan na fara gane inda aka kai mu, don tasi daga filin jirgi zuwa cikin Faris kuɗinsa a yanke yake, a lokacin yuro 50 in gefen arewa na kogi ne, 55 in kudu, amma otal ɗinmu ashe ba a cikin birnin yake ba, can wajen Saint-Denis ne, don haka mita aka kunna mana. Otal ɗin ba laifi, da tsafta, da ruwan zafi, ga shagunan halal kusa, kuma da lafiya ƙalau ne layi na 13 na metiro na nan a bakin ƙofa, minti ashirin kana tsakiyar gari. To da muka leƙa sai muka tarar da tashar an ja ƙofar ƙarfe an rufe.

Bas muka gwada da la'asar. Ku yi tunanin motar kasuwa ranar jajibirin sallah sannan ku ninka, ta farko ta wuce ba ta ma tsaya ba, ta biyu ta tsaya mutum uku suka matsu suka shiga ƙofa ta ƙi rufuwa, autata ta fara kuka hannunta ya ƙandare, ga shi kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi an yi magariba, muka juya otal ba mu ga komai ba sai bakin titi. Daren nan ni da maigida ba wanda ya yi wa wani magana mai daɗi.

Litinin da sassafe na ce ba Alhaji zan kira ba, lambar ofis zan kira. Allah ya taimake mu a lokacin sanyi agogonmu da na Faransa ɗaya ne, takwas a can takwas a Kaduna. Yarinyar ta ɗauka, ita ce dai wadda ta cike mana fom ɗin biza, shiru-shiru da ita ban ma riƙe fuskarta sosai ba. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, ta bari sai da na gama sannan ta ce "Anti ki yi haƙuri, ki ba ni awa ɗaya." Minti arba'in ba a yi ba sai ga saƙonta a WhatsApp da hoton taswirar metiro ta zagaye layi biyu da jan biro. Ta ce layi na 1 da na 14 ba su da direba, na'ura ce ke tuƙa su, don haka yajin bai taɓa su ba, kuma akwai tashar da duka biyun suke bi wato Gare de Lyon, ta samo otal a bayan tashar mai ɗakin mutum huɗu, in mun yarda mu tattara mu koma yau-yau don gobe Talata 17 ga wata akwai gagarumar zanga-zanga, ƙaura da akwatuna za ta yi wuya.

Wallahi shawarar nan ita ta ceci tafiyar gaba ɗaya. Amma a nan ne kuma laifi na biyu na ofishin ya fito, don otal ɗin farko irin bukin ɗin nan mai araha aka yi mana wanda in ka fasa ba a maido maka ko ƙwandala, kuma ba wanda ya gaya mana haka lokacin biya, an dai ce mana "an samo muku farashi mai kyau". Kwana uku da muka riga muka biya suka bi ruwa, muka sake biyan sabo a tsakiyar gari lokacin da kowa ke neman kusa da layukan nan biyu, a lokacin yuro ɗaya kusan naira 400 sai ku lissafa da kanku, ni in na tuna har yanzu ƙirjina ke zafi. Araha dai ba ta ado. Na tambayi yarinyar inshorarmu fa? Ta ce Anti ta asibiti ce kawai, ba ruwanta da yajin aiki. Aƙalla ita ba ta yi min kwana-kwana ba.

Daga Gare de Lyon kuwa sai gari ya buɗe. Layi na 1 kamar don baƙi aka yi shi, ya bi ta Bastille, Châtelet, gidan tarihi na Louvre, Concorde, Champs-Élysées har Étoile inda babbar ƙofar nan ta Arc de Triomphe take, tikiti a lokacin yuro 1.90. Sai dai kar wani ya ɗauka a sake ake tafiya, tunda duk garin a kan layi biyu ya dogara da safe da yamma mutane kamar fara, mu sai wajen ƙarfe 10 muke fita in 'yan ofis sun wuce, mu dawo kafin 4 ko kuma mu daure sai bayan isha. Eiffel ba ta kan layin, sai muka sauka Étoile muka taka ta titin Kléber zuwa Trocadéro, kamar minti ashirin da yara, sai ga ta a gabanka tsaye. Ni da nake hawa Keke Napep daga gida zuwa bakin titi, a satin nan na yi tafiyar ƙasar da ban yi a shekara ba, takalmin gayun da na saya musamman don hoto ya koma akwati na sayi kambas.

Ranar Talatar ba mu yi nisa ba, yarinyar ta riga ta gargaɗe mu cewa ta wajen Bastille zuwa Nation masu zanga-zangar za su bi, wato ta bayan gidanmu kenan. Muka tsaya daga nesa muna kallo, tutoci ja, balan-balan manya-manya masu sunan ƙungiya, ganguna, hayaƙi, ma'aikatan asibiti da fararen riguna, malaman makaranta, 'yan sanda jibge kamar za a yaƙi. Babban ɗana ya ce Umma su ma ba a biya su albashi ba ne? Na ce a'a, su tun kafin a taɓa musu suke ihu. A ranar ne ma mai karɓar baƙi na otal ɗin ke gaya wa maigida wai jami'in da aka ɗora wa aikin gyaran fanshon, Jean-Paul Delevoye, ya ajiye muƙaminsa jiya.

Disneyland ita ma yarinyar ce ta ce a dawo da ita Laraba kar a bar ta ƙarshe, don ba wanda ya san yadda mako mai zuwa zai kasance. Jirgin RER A da ke zuwa can, tashar Marne-la-Vallée, shi ma ta Gare de Lyon yake bi, amma a kwanakin safe da yamma kawai yake ɗan motsawa. Dabarar da ta gano ita ce da safe jama'a cikin gari suke shigowa aiki mu kuma fita za mu yi, don haka namu ɓangaren da sauƙi, kuma haka aka yi har kujera muka samu. Matsalar dawowa ce, dole muka baro wurin da wuri don kar jirgin yamma ya ƙare mu kwana a can, wasan wutan da ake yi da dare wanda shi yaran suka fi ɗoki ba mu gani ba. Autata ba ta yi min magana ba har muka iso otal, sai da aka saya mata gasasshiyar kaza.

Sai babbar magana, Liyon. Saƙo ya shigo cewa jirginmu na Alhamis an soke. A nan dole in yaba wa SNCF a kan abu ɗaya, a lokacin yajin sun ce kowane tikiti ana iya canza shi ko a karɓi kuɗi ba tare da an cire komai ba, har wanda a da ba a canzawa. Sai dai canzawa zuwa ina, duk jirgin da aka tabbatar zai tashi ya cika maƙil saboda Kirsimeti ta gabato kowa na son tafiya garinsu. Yarinyar ta kwana tana dubawa, ina ganin saƙonta ƙarfe 11 na dare, ƙarshe ta ce Anti babu, sai dai bas, shi ma na Alhamis ya ƙare, akwai kujera huɗu a na daren Juma'a amma ba a jere suke ba, in kama? Na ce kama ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Ƙanin maigida ya kawo shawarar BlaBlaCar, inda mai mota ke ɗaukar fasinja a raba kuɗin mai, maigida ya ce shi ba zai zuba iyalinsa a motar wanda bai sani ba a ƙasar da ba ya jin yarensu, kuma dama wa zai ɗauki mutum huɗu da akwati biyar.

Jinkirin ya zo da alherinsa, don Juma'ar ta same mu a Faris. Babban masallacin birnin wanda aka buɗe a 1926 yana tsallaken kogi kusa da lambun Jardin des Plantes, da ƙafa muka je daga otal, ƙasa da rabin awa. Farin gini mai koren rufi, tsakar gida da famfon ruwa da tayil irin na Maroko, bayan an idar muka zauna a wurin shan shayinsu muka sha mai na'a-na'a. A can maigida ya ji wasu dattawa biyu na Hausa a bakin ƙofa, mutanen Damagaram, aka tsaya aka yi ta gaisawa kamar an san juna shekara goma, ɗayan ya ce shi tun farkon yajin da ƙafa yake zuwa aiki awa ɗaya da rabi, ya ce "Hajiya ku da kuka zo yawo ai ku gode Allah." Kunya ta kama ni na daina ƙorafin ƙafa.

Bas ɗin a tashar Bercy muka hau, tasha ɗaya daga otal a layi na 14. Abin dariya, motocin nan masu dogon zango Faransawa da kansu "motocin Macron" suke ce musu, don shi ya buɗe harkar a 2015 yana ministan tattalin arziki, to ga shi rigimarsa ta hana mu jirgi motarsa ta ɗauke mu. Kamfanin ba zan ambata ba, amma an makara fiye da awa ɗaya kafin a tashi, wurin cajin wayar kujerata ba ya aiki, bayin ciki a kulle, wanda ke kusa da ni kuma wani saurayi ne da ya kwana yana waya. Wata baiwar Allah ce ta tausaya ta canza kujera autata ta dawo kusa da ni. Tafiyar da jirgi ke yi awa biyu, kilomita wajen 460, muka kwana muna yinta, da asuba muka sauka tashar Perrache a Liyon jiki duk ya yi tsami. Sai ga ƙanin maigida a tsaye cikin ƙatuwar jaket da fulas ɗin shayi, yara suka ruga suna Baffa Baffa, shi kuma bakinsa bai fasa ba, ya ce "Matar Yaya, wai ke ce kika zo Turai a mota kamar mai zuwa Zariya?"

Liyon ta yi mana daɗi, motocin cikin gari na wani kamfani ne daban kuma a kwanakin da muka yi suna aiki. Mun hau jirgin nan da ake ja da igiya zuwa saman dutsen Fourvière ka ga gari duka da kogunansa biyu, Rhône da Saône, mun kai yara lambun Tête d'Or inda gidan namun daji kyauta ne, muka ci abinci a unguwar Guillotière. Kwana uku aka tsara, biyu muka samu, shi ma don yarinyar ta ƙara yin wata dabarar ce. Ta ce tunda canji kyauta ne kar mu koma cikin Faris kwata-kwata, akwai TGV da ke tashi daga tashar Part-Dieu ta Liyon ya zarce kai tsaye har cikin filin jirgin Charles de Gaulle, ta samo mana na Litinin 23 wanda aka tabbatar, mu kwana a otal na filin jirgi, da safe mu hau ɗan jirgin cikin filin wanda shi ma ba direba kuma kyauta ne. Ta ce Anti duk abin da za a yi kar ki yarda ki kwana nesa da jirginki ranar tashi. Haka muka yi, kuma a ƙarshe dai na ɗanɗana TGV ɗin, ko shayin da ke kan tebur bai girgiza ba. Abin da na rasa shi ne sayayyar tsaraba da na bari sai ranar ƙarshe, ƙawayena sai haƙuri, cakulan filin jirgi kuka samu.

Yanzu laifi na uku, wanda shi ne ya hana su tauraro na huɗu. Kuɗin tikitin Alhamis da aka soke, kan katin da aka biya da shi ake mayarwa, katin kuma na ofis ne ba namu ba. Yarinyar da bakinta ta ce min kuɗin sun shigo tun kafin sabuwar shekara. Na je ofis sau biyu, na farko Alhaji ya ce akawu ba ya nan, na biyu ya ce ai sai an cire "kuɗin wahala" saboda canje-canjen da aka yi mana. Na ce Alhaji wahalar wa? Wadda ta sha wahalar ga ta can zaune, da datarta da barcinta, in ita za a ba wa a cire ni na yafe, amma direban da bai zo ba fa, shi ma kuɗin wahala ne? Ya yi dariya ya ce Hajiya kenan, za a duba. Maigida na ta taka min ƙafa wai in bari.

Shi yajin da aka ce min kwana biyu ne, sai da ya zarce na 1986 zuwa 1987 da ya yi kwana 28, aka ci Kirsimeti da sabuwar shekara a cikinsa, ranar 11 ga Janairu firaministan ya ce ya jingine maganar shekara 64 ɗin na wucin gadi, sai wajen 20 ga wata yawancin direbobin metiro suka koma bakin aiki.

Masu tambayata ko su je ofishin, in biza ce ku je, hannunsu na da kyau. In har da otal da jirgin ƙasa za su haɗa muku to ku zauna a gabansu ku tambaya ɗaya bayan ɗaya, wannan in na fasa ana maido kuɗi ko ba a maidowa, a rubuta, otal ɗin cikin gari yake ko bayan gari, a nuna muku a taswira, tikitin jirgin ƙasa kuma ku biya da katinku ku sa imel ɗinku da lambarku don saƙon sokewa ya zo muku kai tsaye, mu sai da ya biya ta Kaduna tukuna ya dawo mana Faris. Kuma ku nemi yarinyar, teburinta na biyu daga ƙofa, mai farin gilashi. Na kai mata turare da atamfa, ta yi ta ƙi wai aikinta ne sai da na haɗe rai sannan ta karɓa.

Shekaranjiya da yamma alat ya shigo, kuɗin tikitin ne cif ba a cire komai ba. Na direban filin jirgi har yanzu shiru, Alhaji ya ce in leƙo ranar Litinin.